Yadda Ake Zaɓar Bakin Busa Na Bas Turombon

Da farko duba ramin da bakin ke shiga. Bas turombon, wato babban kayan busa na ƙarfe mai kaurin murya, na ɗaukar baki mai kaurin gindi ne, don haka ƙaramin bakin da ake sa wa siririn turombon zai riƙa rawa a ciki, iska na zurarewa.

Sai ka gane lambobin, don nan ake ruɗewa. A kamfanin Bach, ƙaramar lamba ita ce babban baki: 1G ya fi 1½G faɗi, 1½G ya fi 2G. A Schilke kuwa akasin haka ne, 60 ya fi 58 girma.

Idan daga tenor ka taso, wato turombon da bai kai bas kaurin murya ba, fara da 1½G, mai faɗin kusan milimita 27. Kada ka yi zari ka ɗauko Schilke 60 mai kusan milimita 29 don ka ji ƙato yana busa shi. Zai ba ka sautin ƙasa mai kauri kamar kakakin fadar Daura, amma ka hau sama ka ji leɓe ya saki, numfashi ya ƙare tun layin waƙa bai kai rabi ba.

Gwada shi a kan naka turombon, ba na aro ba. Busa dogon sauti a ƙasa, danna bawul, wato maɓallin da ke ƙara sauke sauti, ka sauka, sannan ka hau sama a hankali. Sa wani ya tsaya nesa ya saurara.

Ni dai ba na gwaji da sanyin safiyar hunturun Katsina, leɓe a tsage, ƙarfe kamar ƙanƙara. Ɗumama shi a tafin hannu tukuna, ka ba shi sati biyu kafin ka yanke hukunci.