Yadda Ake Samun Tikitin Kallon Wasan Firimiya a Ingila

Wanda ya saba zuwa filin Sani Abacha a Kano ya yanki tikiti a bakin ƙofa zai ɗauka haka abin yake a Emirates na Arsenal ko Old Trafford na Manchester United, sai dai kuɗin ya ɗara. A manyan kulob ɗin Ingila kuwa, da wuya ka samu tagar da ake yankar tikiti ranar wasa. Kusan kowane tikiti a ɗaure yake da sunan mutum da lambarsa ta mamba, kuma tun makonni kafin wasan an gama rabon kujeru. Mai kuɗin da ya sauka Landan ranar Juma'a yana neman na Asabar, ko dai ya biya ninkin-ba-ninkin ko ya ƙare a gaban talabijin ɗin otal.

Lissafin kujerun ne ya jawo haka. Old Trafford na ɗaukar mutum kusan 74,000, Anfield na Liverpool wajen 61,000, Emirates 60,000 da ɗoriya, Stamford Bridge na Chelsea kuwa 40,000 ne kawai da 'yan kai. Mafi yawan waɗannan kujeru na masu tikitin kaka ne, waɗanda suka biya kuɗin wasannin gida 19 a dunƙule, suna sabuntawa duk shekara, wasu ma tun zamanin iyayensu. Sai kujeru 3,000 da ƙa'idar gasar ta ce a ware wa magoya bayan baƙi, ko kashi 10 cikin 100 idan filin bai kai 30,000 ba. Sai na manyan baƙi masu cin abinci a ɗakunan sama. Ɗan abin da ya rage shi ake wawaso.

Fara da zama mamba

Ka shiga shafin kulob ɗin na ainihi, ka buɗe asusu da sunanka yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Sannan ka sayi katin mamba na kakar. A Arsenal sunansa Red, a Tottenham One Hotspur, a Chelsea True Blue, a Manchester City kuma Cityzens. Kuɗinsa yawanci tsakanin fam 30 ne da 60. Abin da ka saya izinin shiga layi ne, kujera ba ta cikinsa, kuma ba a mayar maka da kuɗin don ka nema ka rasa.

Kowane kai da katinsa. Idan kai da uwargida da yara biyu za ku je, kati huɗu ke nan, sannan ka haɗa asusun huɗun a wurin da aka ware don iyali da abokai, domin a ba ku kujeru a jere. Wanda ya manta da wannan haɗawa sai ya tsinci ɗansa a wata kusurwa, shi a wata. Katin na kaka ɗaya ne, daga bazara zuwa bazara. Wanda ya saya a watan Afrilu ya biya kuɗin shekara don wasa biyu ko uku.

Wane wasa, wace rana

Kulob ɗin na kasa wasanninsu aji-aji. A Arsenal akwai A da B da C. Zuwan Tottenham ko Manchester United ko Liverpool ajin A ne, mafi tsada kuma mafi wuyar samu. Kujerar talaka a manyan filayen tana farawa daga wajen fam 30 zuwa 40 a ƙaramin wasa, ta haura fam 100 a babba idan a tsakiyar fili take. Farashin ba ya zama wuri ɗaya: a watan Nuwamba na 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitin mambobi fam 66 ga kowa, ba ragi ga yaro ko tsoho, har magoya baya suka yi zanga-zanga. Don haka ka duba jadawalin farashin kakar da ake ciki.

Sabon mamba ya haƙura da ajin A. Wasu kulob ɗin ma ba za su nuna maka shi ba sai kana da maki ko tarihin saye, kamar yadda Chelsea da Liverpool suke yi. Ka nemi wasa da ƙaramin kulob, ko na tsakiyar mako, ko zagayen farko-farko na kofin Carabao, inda farashi ke sauka kuma masu tikitin kaka da yawa ba sa zuwa. Tikitin magoya bayan baƙi da aka ƙayyade a fam 30 tun kakar 2016/17 kuwa, ka cire shi daga rai. Na waɗanda suka shekara da shekaru suna bin kulob gari-gari ne.

A batun rana ne mutane suka fi yin asara. Jadawalin da ake fitarwa a watan Yuni na wucin gadi ne. Yawanci ana rubuta wasan ranar Asabar ƙarfe 3 na yamma, amma a Ingila ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin daga 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar. Saboda haka duk wasan da Sky Sports ko TNT Sports suka zaɓa sai an ɗaga shi: Asabar 12:30 ko 5:30, Lahadi, daren Litinin, wani lokaci daren Juma'a. Ana sanar da wannan ne kimanin makonni shida kafin wasan, wani lokaci ƙasa da haka. Kulob ɗin da ya buga gasar Europa ranar Alhamis ba ya wasa ranar Asabar. Idan kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu ta kai wasan ƙarshe na Carabao ko na kusa da na ƙarshe na kofin FA, ana iya ɗage wasan da makonni. Kulob zai bar maka tikitin ko ya mayar da kuɗinsa, amma kuɗin jirgi da na otal ba ruwansa. Dabarar ita ce ka sauka ranar Alhamis, ka tashi ranar Talata, kuma ka yanki tikitin jirgi da ake iya canza masa rana.

Biza ma tana da nata lokacin. Ta ziyara ake nema, ana iya cike ta tun saura wata uku a yi tafiya, kuma amsa kan ɗauki kimanin mako uku bayan an ɗauki hoton yatsu. Tikitin ƙwallo ba ya sa a ba mutum biza, don haka gara ta fito kafin a kashe kuɗi mai nauyi.

Ranar sayarwa

Hanya biyu ake bi. Ta farko ƙuri'a ce, irin wadda Arsenal ke yi: ana buɗe rajista na 'yan kwanaki, ka sa sunanka da katin banki, idan ka ci a cire kuɗin kai tsaye. Wanda ya shiga da safe da wanda ya shiga da dare duk ɗaya ne. Ta biyu kuma rige-rige: a buɗe shafi a lokacin da aka sanar, a jera mutane a layin intanet. A nan ka kula da agogo. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, Najeriya da Nijar suna gaban Ingila da awa ɗaya, ƙarfe 10 nasu 11 ne a Kano da Maraɗi. Sauran watannin lokaci ɗaya ne. Ka shiga asusunka tun saura minti 20, a na'ura ɗaya, kuma kada ka riƙa sabunta shafin, don yana iya mayar da kai ƙarshen layi ko ya ɗauke ka a matsayin injin 'yan kasuwa ya toshe ka.

Kati shi ne tarkon 'yan Najeriya. Katin naira yana da iyaka kan abin da za a kashe a waje, kuma bankuna na canza iyakar. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Ka gwada shi tun wajen sayen katin mamba, ka tabbatar layin da banki ke turo lambar tabbatarwa yana hannunka. Kujerar da ka zaɓa 'yan mintuna kaɗan ake riƙe maka ita. Lambar ta makara, kujera ta tafi. A ƙuri'a kuma, idan aka zo cire kuɗi katin ya ƙi, ana iya ba wani.

Idan ka rasa, da sauran dama. Bayan tikiti ya ƙare, kulob kan buɗe kasuwarsa ta musaya, wadda yawancinsu ke kira Ticket Exchange, inda masu tikitin kaka da ba za su je ba suke sakin kujerunsu a farashin hukuma. Ɗaya-ɗaya suke faɗowa, sun fi yawa a kwanaki biyu ko uku na ƙarshe, kuma sai mai naci. Samun biyu a jere sai an yi sa'a.

Wanda ba zai iya wannan jira ba, akwai kujerun manyan baƙi, masu haɗe da abinci da ɗakin zama. Yawanci ba sa buƙatar katin mamba, ana samunsu tun watanni kafin wasa, kuɗinsu kuma ɗaruruwan fam ne. Ga mai tasowa daga Abuja don wasa ɗaya tak, sau da yawa wannan ne lissafin da ya fi, tunda ya san kujerarsa na nan kafin ya hau jirgi. Ka saya daga kulob ɗin ko daga wakilan da ya jera sunayensu a shafinsa, ka tambayi ko akwai abincin halal, ka kuma karanta ƙa'idar sutura, don wasu ɗakunan ba a shiga da rigar ƙwallo.

'Yan bayan fage

A Ingila da Wales laifi ne sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba, a ƙarƙashin sashe na 166 na wata doka ta 1994. Shi ya sa shafukan da ke wannan sana'a yawanci a wasu ƙasashe suke da rajista, kuma su ne ke fara bayyana idan ka yi bincike a Google. Hukumar gasar tana wallafa jerin sunayen waɗanda ba ta amince da su ba. Abin da ke faruwa kala-kala ne: a sayar wa mutum uku tikiti ɗaya, wanda ya riga shiga ya shiga. A ba ka tikitin yaro mai rangwame, mai gadi ya dube ka da gemunka ya tsayar da kai. Ko kulob ya gano an sayar, ya soke shi tun kana cikin jirgin ƙasa. Wanda ya ce ka tura kuɗi ta WhatsApp zai aiko da hoton tikiti, hoton banza zai aiko.

Dalili kuwa, tikitin manyan filayen yanzu a cikin waya yake, a Apple Wallet ko Google Wallet ko manhajar kulob, kuma a da yawansu kara wayar ake yi a jikin na'urar ƙofa ta karanta ta hanyar fasahar da ake kira NFC. Ba kowace ƙaramar wayar Android ke da NFC ba. Ka duba saitin wayarka tun kana gida, idan babu ka tuntuɓi ofishin tikitin kulob ɗin da wuri su faɗa maka yadda za a yi. Ka sauke tikitin tun a otal, don intanet kan cushe a kusa da fili, ka cika caji.

Ranar wasa ka isa saura awa ɗaya da rabi, ka nemi lambar ƙofar da ke jikin tikitinka, don wata ƙofar ba za ta buɗe maka ba. A Emirates da filin Tottenham ba a shiga da jakar da ta fi takardar A4 girma, kuma filin Tottenham tun buɗe shi a 2019 ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki. Idan ka samu kujera a ɓangaren masu gida alhali baƙin kake goyon baya, a ce kai ɗan Arsenal ne a Craven Cottage, filin Fulham, ka bar rigar a akwati. In an ci ƙwallo ka cije, ka zauna. Wanda ya yi tsalle a nan, masu gadi fitar da shi suke yi, ko da minti 10 aka yi da take wasa.