Karanta wutsiyar adireshin URL a API ba tare da lambar +234 ta lalace ba

Duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya a adireshin URL shi ne wutsiyar da saba (server, wato kwamfutar da ke amsa buƙatu) ke karantawa. A ce kana gina API, wato ƙofar da wasu manhajoji ke bi su nemi bayanai, na farashin kayan gwari don dillalan kasuwar Mile 12 da ke Legas. Buƙata za ta iso maka haka:

/farashi?kaya=tattasai&adadi=20

Suna a hagun alamar =, ƙima a damanta, alamar & kuma ita ke raba ɗaya da ɗaya. Don karanta ƙimar, a Express (kayan gina saba na JavaScript) ka rubuta req.query.kaya, a Flask (na Python) kuwa request.args.get("kaya").

Wannan 20 ɗin rubutu ne, ba lamba ba. A JavaScript in ka tara "20" da 5, "205" za ka samu. Ka juya shi da Number(), in NaN (wato "ba lamba ba ce") ya fito ka mayar da amsar 400, mai nuna kuskure a buƙata, tare da sunan abin da ya ɓaci. Ka kuma sa wa adadin iyaka, misali 100, kada wani ya nemi layi miliyan a tashi ɗaya.

Inda aka fi shan wuya shi ne lambar waya. A cikin wutsiya, saba na ɗaukar alamar + a matsayin sarari. Dillali a Agege ya turo lambarsa da +234, ita kuma ta iso da sarari a gaba, binciken rumbun bayanai ya dawo fayau alhali mutumin yana ciki. Gyaran na wajen mai aikawa ne: ya bi da ƙimar ta encodeURIComponent(), sai + ta koma %2B, & ta koma %26. Haruffanmu masu lanƙwasa ma haka suke tafiya a tsarin UTF-8: ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97. Express da Flask suna warware su da kansu, don haka kada ka sake warwarewa, domin yin hakan sau biyu na lalata ƙimar da ke ɗauke da alamar %.

Suna ɗaya kan zo sau biyu, kamar kaya=tumatir&kaya=albasa. Express zai miƙo maka jeri maimakon rubutu, sai trim(), mai share sarari a gefen rubutu, ta faɗi. Flask na farkon kawai zai ba ka, in kana son duka sai ka kira getlist().

Kalmar sirri kuwa kada ta kusanci wutsiya ko kaɗan. Manhajar saba ta Nginx na rubuta adireshin dukansa a kundin shige da fice, burauza ma na ajiye shi a tarihinta. A tura ta cikin jikin buƙatar POST ta kan HTTPS.