Yadda ake neman amincewar NCC kafin sayen kamfanin turakun sadarwa

A Najeriya, wanda zai sayi kaso mai yawa na hannun jari a kamfanin da ke da turakun sadarwa, waɗanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, kada ya biya kuɗi sai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a rubuce. Dokar sadarwa ta 2003 ta hana miƙa lasisi ga wani ba da izininta ba. Ƙa'idojin gogayyar kasuwanci na 2007 kuma sun ce duk cinikin da ya wuce kashi 10 cikin 100 na hannun jari, ko wanda zai sauya mai iko da kamfanin, sai ya biyo ta hannunta.

Fara da lissafin kason. A nan ake yawan tuntuɓe, domin ko uwar kamfanin aka saya a ƙasar waje, muddin iko da reshen Najeriya ya koma wani hannu, ƙa'idar ta hau kansa.

Sai a aika wa hukumar sanarwa aƙalla kwana 60 kafin ranar rufe ciniki. A haɗa da sunayen mai saye da mai sayarwa, jerin masu hannun jari kafin ciniki da bayansa har zuwa ainihin mutanen da ke cin riba, bayanan kuɗi, da bayanin yadda cinikin zai shafi kamfanonin waya masu hayar turakun. Wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi: idan kamfani ɗaya ya tattare turakun wani yanki, shi zai riƙa yanka kuɗin haya yadda ya ga dama. A kuma biya bashin harajin shekara da hukumar ke bin kamfanin tun kafin a kai takardu, don bashi na tsayar da fayil.

Amincewa da sayen hannun jari daban, izinin mayar da lasisi zuwa sunan mai saye daban. Misali, MTN ya sayi kamfanin waya na Visafone a 2016, amma mayar da lasisin zangon sadarwa na 800MHz da Visafone ke da shi zuwa sunansa ya zama wata doguwar taƙaddama, har abokan hamayyarsa suka kai ƙorafi.

Idan kuɗin shigar shekara na kamfanonin biyu a haɗe ya kai naira biliyan 1, ko na wanda za a saya ya kai miliyan 500, sai an sanar da hukumar kula da gogayyar kasuwanci da kare masu saye, FCCPC, ita ma. A rubuta cikin yarjejeniya cewa ciniki bai faɗa ba sai takardun amincewar sun fito, sannan a je hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a sauya rajista.