Birkin baya na motar da ka ƙera da hannunka: kurakuran da ake ta maimaitawa

Duk wanda ya zauna ya haɗa sasi da tiyon ƙarfe, ya ɗora mishi moter ɗin tsohuwar Starlet ko na moto mai taya uku, burinshi motar ta yi rashin nauyi ta tashi da wuri. Wannan daidai ne, balle nauyin da ke jikin taya ƙarƙashin risor, shi ne ke sa mota tsalle bisa hanya mai gargada. Amma in aka zo kan birkin baya wallahi abin da nike gani a nan Yamai yana tada min hankali, saboda da rai ake wasa.

Abin da ya kamata kowa ya fara riƙewa shi ne in ka taka birki nauyin mota gaba yake zubawa, hanci ya duƙa baya ya ɗaga. A ƙaramar mota mai moter a gaba, tayun gaba su ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. To sai ka ga mutum ya je Katako ya samo etiriye, wato ƙarfen da ke matse disk ɗin birki da fistan ɗin da ke cikinshi, guda huɗu iri ɗaya ya ɗaura gaba da baya, wai don birki ya kama sosai. Zai kama kam, amma baya zai fara kullewa, kuma in tayun baya suka kulle kafin na gaba motar juyawa take, gindi ya dawo gaba, sitiyari ba ya ceton ka a lokacin. Duba lissafin: fistan mai milimita 54 faɗin fuskarshi ya ninka na mai 38 sau biyu, ma'ana matsi ɗaya ƙarfi biyu. Gyaran shi ne ƙaramin fistan a baya da ƙaramin disk, ka ga nauyin ma ya ragu a banza ba ka huda komi ba. In moter ɗinka a baya yake irin tsarin tsohuwar Volkswagen mai kama da kunkuru, to baya na ɗaukar kaso mafi yawa da wannan, amma ƙa'idar ba ta canza ba, gaba ne ya kamata ya fara kullewa.

Sai ɗan ƙarfen nan da ake cewa kwampansatar, wanda ke kan tiyon da ke zuwa baya yana rage matsin man birki in an taka da ƙarfi. Da yawa cire shi suke su yar, wai ba shi da aiki. Yana da aiki babba. Kuma ko ka maido na motar da ka kwance ba lalle ya dace ba tunda an auna shi ne da nauyin waccan motar, gara ka nemi mai dunƙulen juyawa wanda kai za ka daidaita. A layin baya kaɗai ake sa shi, kar wani ya ce maka a sa gaba.

Ni fa ban ga dalilin raina tambur ba, wato birkin nan mai kama da ganga da ake matsawa daga ciki. Ƙaramin tambur mai milimita 180 irin na bayan Peugeot 205 ya ishi mota mara nauyi, ga birkin hannu a cikinshi, ga arha, kowane makaniki ya san shi. Matsalarshi damina, ruwa da yashi in sun shiga sai ka buɗe ka wanke. In disk kake so ka ɗauki mai falle ɗaya, ba mai ramukan iska a tsakiya ba, wancan na gaba ne kuma nauyi gare shi. Na bayan Golf 4 misali ne mai kyau, disk ɗin milimita 232 kaurinshi 9, etiriyen na alminiyam ne da fistan 38, kuma hannun da kabul ɗin birkin hannu ke ja yana jikinshi. Abu ɗaya, fistan ɗin nan ba a danna shi da ƙarfi da lebiye, murɗa shi ake ana turawa a hankali, wanda ya matse shi da ƙarfin tsiya ya kashe zaren da ke ciki.

Etiriyen moto fa? Ba shi da nauyi ko kaɗan shi ya sa yake jan ido, amma an yi shi ne don siririn disk na milimita 4 ko 5, plaket ɗin, wato faifan da ke gugar disk, ƙanana ne, zafi na cika su da wuri, kuma ba birkin hannu. Ga ƴar motar wasa ta mutum ɗaya cikin fili to, amma wadda za ta ɗauki mutane ta hau gudron a'a. Birkin hannu kuma na kabul za ka yi, don wanda ke riƙe da matsin mai yana saki a hankali, ka aje mota a gangaren bakin kogi ka dawo ka tarar ta tafi.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne rage nauyi da huji. A kai disk wajen mai tur ya sassaƙe shi, ko a sa injin huji a yi ta ɓula shi don ya yi kama da na motar tsere. Ɗauki disk ɗin ka goge tsatsar gefenshi da buroshin ƙarfe, za ka ga an buga MIN TH da lamba, wannan shi ne iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba. Ƙarfen da ka cire shi ne ke shanye zafi, kuma daga bakin ramukan nan tsagewa ke farawa. Ɗan giram ɗin da ka samu bai kai wannan ba. Haka maƙalin da ke riƙe etiriye, ba wurin tsimin ƙarfe ba ne, tol mai kauri za ka yanka, bulon ɗin ka duba kanshi ka ga lambar ƙarfinshi 10.9 ko aƙalla 8.8, kuma kar a yi suduri bisa ƙarfen zubi, yana tsagewa ba sanarwa.

Akwai wasu ƙanana da ke sa mutum ya kwana garaji. In ka musanya etiriyen dama da na hagu, ɗan bakin cire iska sai ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, za ku yi ta famfo kai da yaronka har dare feda na nan da laushi kamar ka taka burodi. Bakin nan sama yake kallo, shi kenan. In kuma ka canza daga tambur zuwa disk, wasu tsofaffin metir-silandir, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayu, suna da ɗan bawul da ke riƙe matsi kaɗan don tambur, in ba a cire shi ba plaket za su riƙa gugar disk, ka taɓa jant ka ji zafi alhali ba ka taka komi ba. Metir-silandir ɗin ma mai layi biyu za ka sa, in ɗaya ya fashe ɗaya ya tsai da kai.

Tiyon jan ƙarfe na masu gyaran firigo ba na birki ba ne, girgiza na sa shi ya taurare ya karye. Na birki milimita 4.75 ne, na ƙarfe ko gaurayen jan ƙarfe da nikel. Ka lura da bakin, motocin Japan da na Turai sukan yi zare ɗaya M10x1 amma siffar bakin tiyon daban, zai ɗauru lafiya sannan ya riƙa tsatsafo. Man birki kuma mai lamba DOT 4 za ka sa, sabonshi sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, in ya sha laima ya sauko wajen 155, don haka kar ka sayi wanda aka ɗura a buɗaɗɗiyar kwalba, kuma a canza shi duk shekara 2. Ruwan omo da man moter da koren man Citroën kar su kusanci wurin, biyun ƙarshen kumbura robobi suke.

Kafin ka ɗauki kowa, fita bayan gari inda ba mutane ba dabbobi, kan jar ƙasa shimfiɗaɗɗa. Ka fara da ƙaramin gudu kamar kilomita 30 a awa, wani ya tsaya nesa a gefe yana kallon tayu, ka taka da ƙarfi. In ya ce na baya suka fara ja, rage matsin baya ka sake, har sai na gaba sun riga su. Ka gwada kai kaɗai, ka gwada da buhunan yashi a madadin fasinja, sannan ka maimaita bisa gudron saboda a can taya ta fi kamawa kuma baya ya fi ɗagawa.