Shekara biyu ko huɗu? Zaɓen hanyar zama nas mai rajista a Amurka

Ƙanwata ta tambaye ni kwanaki: "Yaya, na shekara biyu zan yi ko na huɗu?" Amsar da na ba ta ce nake ba ki. Duk hanyar da kika bi, jarrabawa ɗaya ce ke jiran ki a ƙarshe, wato NCLEX-RN. A kwamfuta ake yin ta, tambayoyi 85 zuwa 150 cikin awa biyar, kuma lasisin da hukumar jinya ta jiharki za ta ba ki iri ɗaya ne da na kowa.

Ni gajeriyar hanya na bi, ADN, wato ƙaramin digirin jinya na shekara biyu, a kwalejin al'umma. Ina goyo a lokacin, ina kuma aikin dare na kula da tsofaffi, don haka jami'a ta fi ƙarfina. Sai dai "shekara biyu" a takarda ce kawai. Kafin a ɗauke ki sai kin ci darussan share fage, irin su ilimin sassan jiki, yadda gaɓoɓi ke aiki, da ƙananan ƙwayoyin cuta, sannan ki jira gurbi. Ni sai da na kwashe shekara uku da rabi. Da na fara ɗaukar albashin nas, na ƙarasa digirin BSN, wato cikakken digirin jinya na shekara huɗu, ta intanet, rabin karatun a ɗakin hutun ma'aikata, ina gyangyaɗi.

In ba ki da nauyin kowa a kanki, kuma kuɗin makaranta ba zai karya ki ba, tafi BSN kai tsaye. Manyan asibitoci da yawa sun fi son mai shi, kuma da shi ake hawa digiri na biyu. Jihar New York ma ta yi doka a 2017 cewa sabuwar nas ta samu BSN cikin shekara goma da karɓar lasisi. Mai digiri a wani fanni tana da nata tsarin na gaggawa, kamar wata 12 zuwa 18, amma ba ya haɗuwa da aikin neman kuɗi. Diflomar makarantun asibiti kuwa 'yan kaɗan suka rage.

Kafin ki biya ko sisi, duba ko hukumar jinya ta jihar ta amince da makarantar, don in babu wannan ba za ki zauna jarrabawar ba. Tambayi ko ACEN ko CCNE, hukumomin da ke duba ingancin karatun jinya, sun tantance ta, saboda ranar da za ki ci gaba da karatu. Nemi adadin ɗalibansu da ke cin NCLEX a zaman farko. Sannan ki tambayi wa ke samar wa ɗalibai asibitin koyon aiki, kuma ƙarfe nawa ake farawa. Nawa ƙarfe shida da rabi na safe ne, sai da na nemo mai riƙe min yaro tun kafin na sa hannu a takardar shiga.