Yadda ake karanta littafin Sloane kan tsirran Jamaika

Ranar da na fara buɗe littafin Hans Sloane ban kai shafi uku ba na rufe. Turancin ya tsufa, sunayen Latin kuma dogaye kamar jerin gwano. Sai a komawa ta biyu na gane ta inda ake kama shi.

Ka fara sanin mai magana. Sloane likita ne, ya sauka Jamaika a 1687 yana duba lafiyar gwamnan tsibirin, ya yi wata 15, ya koma Ingila da busassun tsirrai kusan 800. Juzu'in farko na littafin ya fito a 1707, na biyu sai 1725. Dukansu suna nan kyauta a ɗakin karatu na intanet mai suna Biodiversity Heritage Library. In da hali ka buɗe a kwamfuta, allon waya ya yi wa zanen ƙanƙanta.

Akwai wani harafi da zai yi ta tuntuɓe da kai: "s" ɗin zamanin doguwa ce, ta yi kama da "f". Bayan shafi goma ido zai saba.

Kada ka bi shi daga farko kamar labari. Tsallaka wurin zane-zanen, ka yi ta juyawa har ka ga ganyen da idonka ya sani, sannan ka kwafi sunan da ke jikin zanen ka nemo bayaninsa. Sunan zai zo maka jimla guda, domin tsarin suna mai kalma biyu na masanin tsirrai Linnaeus bai kafu ba sai 1753. Kada ka ɓata lokaci a kansa. Abin nema shi ne sunan da mutanen tsibirin ke kira, da shi za ka kai ga sunan kimiyya na yau. Ni littafin rubutu nake ajiyewa a gefe, na raba shafi gida uku: sunan Sloane, sunan yau, sunan Hausa in akwai.

Gida na ukun nan ne ya hana ni barci. Ga kuɓewa, ga riɗi, ga dawa da Turawan ke danganta wa Gini, ga kuma goro, wanda har yau a Jamaika ake ce masa "bissy". Waɗannan sun haye teku ne ta hanyar cinikin bayi daga Afirka ta Yamma. Da na iso kan kuɓewar sai na tuna kakata tana yanka ta a faifai tana shanyawa, na daɗe ban juya shafin ba.

Saboda haka duk maganin da ka karanta, ka tsaya ka tambayi kanka: daga bakin wa Sloane ya ji? Sau da yawa zai ce baƙar fata suna yin kaza da saiwar nan, ba tare da sunan kowa ba. Waɗanda suka san magungunan nan bayi ne a gonakin rake, shi kuwa daga baya ya auri mace mai dukiya a irin waɗannan gonaki. A gabatarwar littafin ma ya zayyana azabar da ake yi wa bayin. Ina sa jan biro a duk inda ilimin ya fito daga gare su, don hakkinsu ne.

Sai kashedi, kuma da gaske nake. Likitancin Sloane na zamanin tsaga jijiya a zubar da jini ne da ba da maganin gudawa mai ƙarfi. Za ka ga bini-da-zugu cikin abubuwan wanke ciki, alhali 'ya'yansa guba ne, kaɗan ma kan kwantar da yaro. Ko zane ya yi kama da ciyawar bayan gidanku, kama da wane ba ta wane. Ka kai ganyen, da furensa in akwai, wurin masanin tsirrai a jami'a mafi kusa ya tabbatar maka, kuma kada ka sha komai sai likita ya sani.