Yadda Ake Gwajin Jinin Kare da Kyanwa, Daga Ɗiba Zuwa Karanta Sakamako

Kare ya ƙi cin abinci, jiki ya ɗau zafi, dasashi ya yi fari fat. Abin da aka fi yi shi ne a ce malariya ce, a danna masa allura. Kare kuwa ba ya kamuwa da zazzaɓin cizon sauro irin na mutane. Abin da ya fi kwantar da shi a ƙasashenmu cututtukan kaska ne, musamman babesiya da erlikiya. Alamominsu sun yi kama, maganinsu ya bambanta, wani lokaci ma su haɗu a jikin kare guda. Allurar diminazin da ake yi wa babesiya, wadda aka fi sani da Berenil, tana iya taɓa ƙwaƙwalwar kare idan aka wuce kima ko aka maimaita ta da wuri. Don haka a fara da gwaji, magani ya biyo baya. Shi ma gwajin bai da amfani idan jinin ya lalace kafin ya isa ɗakin gwaji, a nan kuma aka fi yin ɓarna.

Shiri kafin a tafi asibiti

Idan gwajin hanta, ƙoda ko sukari za a yi, a hana dabbar abinci na awa 8 zuwa 12, amma a bar mata ruwa. Bayan cin abinci kitse yana shiga jini, ruwan jinin ya yi fari kamar madara, na'ura ta ba da lambobin da ba daidai ba. Banda kwikwiyo, jaririn kyanwa da dabba mai ciwon sukari. Waɗannan ba a sa su doguwar yunwa sai da umarnin likita. Dabbar da ta galabaita ba a jiran wani azumi, a kai ta kawai.

Mai dabba ya faɗa wa likita duk abin da aka ba ta, ko da na kemis ne. Dezametason da furednisolon suna ɗaga wani sinadarin hanta a jinin kare, su kuma sauya lissafin fararen ƙwayoyin jini. Farasitamol guba ce ga kyanwa, tana mayar da jininta ruwan ƙasa. Albasa da tafarnuwa a ragowar miya suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. A faɗi ranar rigakafi na ƙarshe, da ko an ga kaska. Kyanwa a kawo ta cikin kwando mai murfi, kar a sa ta a buhu: tsoro kaɗai yana ɗaga mata sukari har a zaci ciwon sukari ne.

Kayan aiki

Sirinji na mililita (mil) 2 ko 5, allura mai lamba 21 ko 22 don kare, 23 zuwa 25 don kyanwa da ƙananan kwikwiyoyi, auduga, sifirit, almakashi ko injin aski, safar hannu, takunkumi, tawul, gilasan shafa jini, da kwalaben jini. Kwalaben ana gane su da launin murfi. Mai murfi shunayya tana ɗauke da EDTA mai hana jini daskarewa, ita ce ta ƙirga ƙwayoyin jini. Mai ja, ko mai rawaya da ke da jel a gindi, ta ruwan jini ce, don gwajin hanta da ƙoda. Mai kore tana da hefarin, shi ma mai hana jini daskarewa ne. Mai toka-toka ta sukari ce, mai shuɗi kuma ta gwajin daskarewar jini. Ga kyanwa a nemi ƙananan kwalabe na rabin mil ko mil 1, irin na jarirai.

Ɗibar jinin

Wannan aikin likitan dabbobi ne ko wanda aka horar, kuma mutum biyu yake buƙata: mai riƙo da mai ɗiba. Jijiyar da aka fi amfani da ita a kare ita ce ta gaban ƙafar gaba. Idan jini mai yawa ake so, ko dabbar ƙarama ce, jijiyar wuya ta fi. Akwai kuma ta wajen ƙafar baya a kare, da ta cikin cinya a kyanwa, wadda ke da sauƙi idan an naɗe ta da tawul an bar ƙafa ɗaya a waje. Gargaɗi guda: karen da ake zargin jininsa ba ya daskarewa, mai haɓo ko jajayen ɗigo a dasashi da ciki, kar a taɓa masa jijiyar wuya, don tsayar da zubar jini a can ya fi wuya.

1. A sa wa kare takunkumi ko da mai sanyin hali ne. Mai riƙo ya rungumi wuyansa da hannu ɗaya, da ɗayan ya miƙar da ƙafar daga gwiwa, ya danne jijiyar da babban yatsa ta cika.
2. A rage gashin wurin, a goge da sifirit, a jira ya bushe. Sifirit ɗin da ya shiga allura yana fasa ƙwayoyin jini.
3. A soka allurar bakinta na kallon sama, a ɗan kwance. Da jini ya leƙo, a ja a hankali. Jan ƙarfi yana liƙe jijiyar, yana kuma fasa ƙwayoyin.
4. Mil 2 zuwa 3 ya isa yawancin gwaje-gwajen kare, kyanwa kuma mil 1 zuwa 2.
5. Mai riƙo ya saki jijiyar kafin a zare allura, a danne wurin da auduga na minti ɗaya.
6. A cire allurar daga sirinji, a buɗe murfin kwalba, a zuba jinin ta jikin bangonta. Tura jini ta bakin siririyar allura na daga cikin manyan dalilan lalacewar samfur.

Jeren zubawa yana da muhimmanci. A fara da mai ja, a ƙare da mai shunayya, kuma kar bakin sirinji ya taɓa cikin mai shunayyar sannan ya koma wata kwalba. Ɗigon EDTA kaɗan ya isa ya sa fotasiyam ya haura sama, kalsiyam ya faɗi ƙasa, sakamakon ya nuna abin da dabba mai rai ba za ta iya ɗauka ba. A cika mai shunayya daidai layin da ke jikinta. Idan aka zuba rabin mil a kwalbar mil 2, maganin ya fi ƙarfin jinin, jajayen ƙwayoyi su tsuke, a ce dabbar tana da ƙarancin jini fiye da gaskiya. A juya ta sama da ƙasa sau takwas zuwa goma a hankali, ba girgizawa. Idan aka ga gudan jini a ciki, a sake ɗiba. Ƙirgan da za a yi da ita aikin banza ne. A rubuta sunan dabba, irinta, kwanan wata da lokaci a jikin kwalba nan take.

Shafa jini a gilashi

Wannan shi ne gwaji mafi araha, kuma a wurinmu kusan ya fi kowanne amfani. Don neman babesiya, jinin bakin kunne ya fi na babbar jijiya, domin ƙwayoyin da suka kamu sun fi taruwa a ƙananan jijiyoyi. A goge bakin kunnen, a tsaga kaɗan da allura, a ɗauki ɗigon farko. A ɗora shi kusa da ƙarshen gilashi mai tsabta, a kawo wani gilashin a karkace ya taɓa ɗigon, jinin ya bazu a bakinsa, sai a tura gaba da saurin da bai yankewa. Shafi mai kyau yana sirancewa har ƙarshensa ya yi fatsi-fatsi. A busar da shi da iska nan da nan, a kare shi daga ƙuda, don ƙuda yana lashe shi. A tsoma a metanol na minti 2 zuwa 3, a rina da Giemsa da aka sirka kashi ɗaya cikin goma na kimanin minti 30, a ɗauraye, a duba da madubin likita a ƙarfi na 100 da ɗigon mai.

Babbar babesiya tana bayyana cikin jajayen ƙwayoyi, galibi biyu-biyu, masu tsini a gefe guda. Ƙaramar kuma zobe ce siririya mai sauƙin kuɓucewa ido. Erlikiya tana ɓuya cikin fararen ƙwayoyi, kuma ba kasafai ake ganinta ba, saboda haka rashin ganinta bai wanke kare ba. Abin da ke tona ta shi ne faɗuwar ƙwayoyin daskarar da jini. Ana kuma cin karo da ƙwayar cutar hefatozun, wadda kare ke ɗauka ta hanyar haɗiye kaska. Karen farauta ko wanda ya zauna a yankin ƙudan tsando, musamman idan idonsa ya yi hazo, a duba masa sammore: ɗigon ɗanyen jini a ƙarƙashin siririn gilashi, za a ga ƙwayar tana wutsil-wutsil tsakanin jajayen ƙwayoyi. Wannan sai da jini sabo. Haka ma ƙwayar maikofulasma ta kyanwa, wadda ke sakin jikin jajayen ƙwayoyi idan jini ya daɗe a kwalba.

Ajiya da aikawa

Zafi shi ne babban abokin gaba. Kwalba mai ja a bar ta a tsaye na minti 20 zuwa 30 jinin ya daskare, a juya ta a na'urar da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa na kimanin minti 10, a tsotse ruwan saman zuwa wata kwalba. Idan aka bar ruwan tare da ƙwayoyin, suna ci gaba da cin sukarin da ke ciki, yana raguwa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk awa. Mai shunayya a sa a firij, a gwada cikin awa 24. Ba a sa ta a firiza, ba a kuma ɗora ta kai tsaye kan ƙanƙara. A naɗe da takarda ko tsumma kafin ta shiga kula. Gilasan da aka shafa ba sa shiga firij, raɓa tana lalata su. Gwajin da ƙaramin asibiti ba zai iya ba ana aikawa da shi asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi kamar na Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Mutane da yawa suna kai jinin kare ɗakin gwajin mutane. Sinadaran hanta da ƙoda ana iya auna su a can, amma ma'aunin da aka buga a gefen takardar na mutum ne, a yi watsi da shi. Na'urar ƙirga ƙwayoyin mutum kuwa tana ruɗewa da jinin kyanwa, domin jajayen ƙwayoyinta ƙanana ne. Gwajin Widal da tsinken malariya ba su da abin da za su faɗa game da kare, asarar kuɗi ce.

Karanta lambobin

A fara da PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Ana cika siririn bututu da jini kashi uku cikin huɗu, a toshe gindinsa, a juya shi a na'ura na minti 5. Lafiyayyen babban kare yana tsakanin kashi 37 da 55, kyanwa kimanin 30 zuwa 45. Na kwikwiyo ya fi haka ƙasa, ba kuma ciwo ba ne. Idan na kare ya sauka ƙasa da 20, likita zai fara tunanin ƙarin jini, ya danganta da saurin faɗuwar da halin da dabbar ke ciki. Kyanwa ba a ƙara mata jini sai an tantance rukuninta, A ko B ko AB, don kuskure a nan yana iya kisa tun a karon farko. A dubi launin ruwan da ke saman bututun: rawaya alamar shawara ce, ja na nuna ƙwayoyi sun fashe, a jiki ko a hannun mai ɗiba. Kada a karanta PCV shi kaɗai. Idan shi da furotin da aka auna a ruwan jinin duk sun hau, ƙarancin ruwa ne. Idan duk sun faɗi, jini na zuba a wani wuri, ko tsutsar ciki na shanye shi. Idan PCV ya faɗi furotin na nan daram, ƙwayoyin ne ake fasawa ko ɓargo ya daina ƙerawa.

Fararen ƙwayoyi a kare suna kai 6,000 zuwa 17,000 a kowane maikurolita, a kyanwa 5,500 zuwa 19,500. Ƙwayoyin daskarar da jini a kare 200,000 zuwa 500,000 ne. Na kyanwa suna yawan cuɗewa wuri guda, na'ura ta ce sun yi ƙasa, don haka sai an tabbatar a gilashi kafin a tayar da hankali.

Kiriyatinin da yuriya sinadarai ne da ake aunawa don duba ƙoda, amma kiriyatinin ba ya fita daga ma'auni sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi. Ƙarancin ruwa ma yana ɗaga su, shi ya sa ake haɗawa da fitsari, a karɓe shi kafin a sa ƙarin ruwa. Kaurin fitsari sama da 1.030 a kare ko 1.035 a kyanwa yana nuna ƙoda na aikinta. Hawan sinadarin hanta na ALT yana nuna ƙwayoyin hanta sun ji rauni, ba ya faɗin dalili. ALP, sinadarin hanta da ƙashi, yana hawa a kwikwiyo mai girma saboda ƙashi, amma a babbar kyanwa ko ɗan hawa kaɗan abin bincike ne. Sukarin kyanwa da ya hau sau ɗaya a tabbatar da shi da gwajin furuktosamin, mai nuna matsakaicin makonni biyu zuwa uku.

Tsinken gwaji na gaggawa

Waɗannan tsinkayen suna ba da amsa cikin kimanin minti 10, amma a san abin da kowanne ke nema. Na erlikiya yana nuna kare ya taɓa haɗuwa da cutar, ba lallai ita ce ta kwantar da shi yau ba, kuma a kwanakin farko na kamuwa yana iya cewa babu. Na fabo, cutar amai da gudawar jini ta kwikwiyoyi, da kashi ake yin sa. Yana iya kuskure cutar, kuma rigakafin da aka yi cikin kwanaki goma da suka wuce yana iya sa ya nuna layi. Na FIV, cutar da ke karya garkuwar jikin kyanwa, a kyanwar da ba ta kai wata shida ba yana iya ɗaukar kariyar da ta sha a nonon uwa, sai a maimaita idan ta girma. Tsinken da ya kwana a mota cikin rana, ko wa'adinsa ya wuce, a jefar.

Ciwon hauka kuma ba a gano shi da jinin kare mai rai. Ƙwaƙwalwar dabbar da ta mutu ake gwadawa, ana aika kan cikin sanyi, ba cikin fomalin ba, kuma ma'aikacin lafiyar dabbobi ne zai cire shi. Karen da ya ciji mutum ana killace shi a sa masa ido na kwana 10, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar ba tare da jiran sakamakon kowa ba.